Barikin da Kumandan Bai Gina Ba

Duk wanda ya leƙo warsharmu, wato shagon aikinmu, ya ga ƙananan gidaje jere a kan tebur, abu ɗaya yake cewa: wasan yara ake biyanmu mu yi. Innata ta faɗa, maƙwabtanmu a unguwar Kurayyat ta Jidda sun faɗa, ku ma da kuka zo koyo bana na gani a fuskarku, kuna taɓa bishiyoyi da yatsa kuna dariya. Ba wasa ba ne. Kuskure na biyu ma ya fi wannan girma, wato zaton da ake yi cewa abin da ke tsaye a ƙasa muke dubawa mu rage masa girma. Mai mujassam, irin ƙaramin samfurin ginin nan da kuke gani cikin akwatin gilashi a ofishin masu sayar da gidaje, ba ya kallon abin da ke nan. Abin da ba a gina ba tukuna shi ne aikinsa. A ba shi zane, ya tayar da shi tsaye, mai dukiya ya zagaya shi ya ce halas, ya yi, a fara haƙa. Haka aka koya mini, haka hannuna ya saba. Da wannan sabon ne na binne gidan mahaifin wani tsoho a ƙarƙashin igwa, alhali ganin da ya rage masa kaɗan ne, kuma gidan kawai yake so ya kalla da shi. Zan zo kan wannan. Sai kun san aikin kafin ku gane yadda aka yi.

Aikina na farko bishiya ne. Na gama sakandare ina zaune a gida ina faɗa da kowa, sai Mu'allim Idris, abokin marigayi babana, ya ce wa innata ta turo masa ni in gwada. Shi ma haifaffen Jidda ne kamar ni. Kafinta ne a da, daga baya ya buɗe warsha a unguwar masana'antu ta Jidda, a bayan wani sito na tayoyi. Na je da tunanin za a zaunar da ni gaban kwamfuta. Ya miƙo mini dunƙulen siririyar waya da soso da kwanon gam. A murɗa waya ta zama gindi da rassa, a niƙa soso a rina shi kore, a tsoma, a girgiza, a soke a jikin kwali ta bushe. Na yi watanni ban taɓa komai ba sai wannan. Idan na kai masa tire cike, sai ya zaro guda ya juya ta a haske.

"Ya binti, wannan bishiya ce ko burushin wanke kwalba?"

"Bishiya ce, Mu'allim."

"To Allah ya kiyaye tsuntsun da zai sauka a kanta. Yalla, sake."

Ku kun zo kun tarar da injin leza, kuna ganin shi ne ma'aikacin mu kuma 'yan rakiya. Shi yanka kawai ya iya. Ba ya sanin cewa kwali yana kumbura idan damshin teku ya shigo, ba ya sanin bango ya karkace. Kayan aikin gaske ba su cika aljihun riga ba: mashrat, wato 'yar wuƙar nan mai kama da ta likita, da rula ta ƙarfe, da hantsaki, da takardar goge gefe. Mashrat ana canza mata baki tun kafin ta nuna ta dakushe, don ranar da kika ji tana ja, ta riga ta yage miki gefen. Ba a yanka da ƙarfi sau ɗaya, ana bi ne a hankali sau da yawa. Gam ɗin nan mai kamawa nan take kuwa, kada ki sunkuya a kansa, tururinsa yana cin ido, kuma yana barin farin tabo a jikin gilashin roba wanda ba ya fita. Ku dubi babban yatsana na hagu. Wannan layin matakalar wani otal ce. Na riƙe rula yatsa ya leƙo, ina sauri in gama kafin motar ma'aikata ta tashi. Mu'allim ya dubi jinin, ya dubi matakalar, ya fara ɗauke matakalar tukuna.

A kan wata hasumiyar bakin teku na koyi abin da muke kira share gefe. Zanen ya zo da filin da za a yi ginin, da tsofaffin gidajen da ke kewaye da shi, masu hawa biyu, da tankunan ruwa a samansu. Ni da ƙwazona na zauna na yi su duka, har da shanyar kaya a wani rufi. Injiniyan kamfanin ya zo duba aiki, ya nuna su da biro.

"Waɗannan na mene ne?"

"Maƙwabta ne. Suna cikin zanen."

"Suna tare wa mai saye ido. A cire, a sa ciyawa."

Bayan ya tafi Mu'allim ya yi mini bayani, ba da faɗa ba. Ya ce abin da aka zo nunawa shi ake yi wa fenti da fitila. Abin da ke gefe, ko a mayar da shi farin akwati marar ƙofa marar taga, ko a aske shi gaba ɗaya. Na sa mashrat a ƙarƙashinsu na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, na shafa gam, na barbaɗa koren gari. Gaskiya ban ji komai ba. Ciyawar ta yi kyau, hasumiyar ta fito. Daga ranar ban sake jira a gaya mini ba. Duk zanen da ya zo, idona yana zuwa kan sabon abu ne kai tsaye, tsohon kuma hannuna ya san yadda zai yi da shi.

Shekarar annoba ita ce mummunar shekararmu. Babu baje koli, babu mai buɗe ofishin sayar da gidaje, babu mai son mujassam. Muka koma yanka gilashin roba na tare numfashi ga masu kantin magani da masu baƙala, wato kantin kayan masarufi, murabba'i da 'yar taga a ƙasa, safe da yamma. Ma'aikata biyu da suka fi ni hannu suka koma ƙasashensu saboda iƙamarsu, takardar izinin zama, ta ƙare, ba a sabunta ba. Mu'allim ya sayar da babban injin feshin fenti. Da aiki ya dawo kuma, sai ya dawo iri ɗaya: dogon akwatin gilashi, wurin ninkaya a sama, dabino a ƙofa. Injin ya yanka, ni in manna. Na fara mantawa da cewa hannuna ya iya wani abu. Ina faɗa muku wannan ne don ku san irin yunwar da nake ciki ranar da Khala Maryam ta shigo da takardunta a naɗe.

Malamar makaranta ce, sa'ar innata, daga unguwar Mahjar. Ta shimfiɗa manyan takardu uku a teburina, ta danne gefensu da wayarta da kwalbar ruwa. Hoton tsofaffin zane ne, wani ɗan'uwansu da ke karatu a Faransa ya samo a inda ake ajiye takardun zamanin mulkin mallaka. Barikin sojan Faransawa ne a wani gari a bakin kogin Kwara, mai katangar dutse da ƙofa ɗaya mai kallon ruwa. Ban taɓa ganin zane mai kyansa ba. Da hannu aka yi shi, kowane dutse da inuwarsa, kogin an wanke shi da shuɗi mai haske, har da kibiya mai nuna inda ruwa ke gangarawa.

Ta yi mini bayanin launukan, ba ta ɓoye komai ba. Ja shi ne abin da ke tsaye a lokacin. Rawaya shi ne abin da suke so su ƙara. A takarda ta farko, barikin ɗan ƙarami ne, duk ja. A ta biyu sun zana ƙarin sito da rijiya da gangaren sauke kaya daga jirgi. A ta uku kuwa rawaya ta cinye takardar: sabuwar katanga ta fita gabas ta ninka wurin, da ɗakin albarushi, da bargar dawaki, da gidan kaso, da wata babbar kusurwa mai tsini kamar bakin mashi inda za a girka igwa ta tsare kogin sama da ƙasa. A cikin rawayar akwai wasu ƙananan da'irori da aka yi da ɗige-ɗige, a cunkushe, da ɗan rubutu a gefensu. Ta ce rubutun yana nufin a tashe su.

"Amma ba su samu yi ba," in ji ta. "An ce kuɗin bai zo ba, daga baya kuma hanyar mota ta kashe ta ruwa. Unguwar ta zauna abinta."

Ta ɗora yatsa a kan da'irorin.

"Shufi ya Safiya, duba, a nan aka haifi kakana. Majema ne, masu jimar fata. Daga nan ya taso a ƙafa ya zo hajji bai koma ba. Babana bai taɓa zuwa ba, labari kawai ya sha. Yanzu idonsa na hagu ya tafi, na dama likita ya ce ba zai daɗe ba. Takardar nan ya kai ta har hanci bai ga komai ba. Muna so ya ga wurin."

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Na faɗa da gaske. Amma duk mai kawo aiki yana zuwa da labarinsa, wannan otal ɗin burin mahaifina ne, wannan masallacin wasiyyar mahaifiyata ce, kuma na daɗe da koyon gyaɗa kai ina auna zane da ido. Tana magana, ni ina lissafin yadda zan fitar da tsinin kusurwar nan.

Da ta tafi Mu'allim ya zo ya tsaya a kaina yana shan shayi.

"Wacce za ki bi?"

"Ta ukun mana."

"Tabbas. Wa zai kawo zane uku yana son ƙaramin?"

Iyakar shawarar da muka yi ke nan. Ba wanda ya yi jayayya, don a wurinmu babu abin jayayya. Rawaya ita ce aikin, kullum.

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji ba. Ban kunna injin ba ko sau ɗaya. Katangar da farin jibs, wato garin filasta, na zuba ta, kafin ya gama daskarewa na bi da bakin allura na fitar da duwatsu ɗaya ɗaya, sannan na wanke da ruwan fenti mai launin ƙasa ya shiga tsagogin. Gaɓar kogin na sassaƙa ta hawa-hawa. Ruwan kuwa roba ce mai narkewa, ana zuba ta kaɗan kaɗan, a bar kowane zubi ya daskare, in an yi gaggawa ta yi zafi ta tsage. Na sa mata launin shayi da madara a ƙasa, mai haske a sama, na ja ƙananan igiyoyin ruwa da tsinken sakace. Igwa da bututun tagulla na yi su, har da ƙafafunsu. Ƙananan da'irorin da suka faɗo cikin sabuwar katanga, katanga ta hau kansu. 'Yan kaɗan da suka rage a waje, na yi musu abin da aka saba. Ciyawa.

Khala Maryam ta kira ni ana tsakiyar aiki ta ce in turo mata hoto. Na tura mata kogin kawai. Mu ba ma nuna aiki rabi, don mai aiki in ya ga jibs tsirara hankalinsa tashi yake, ya fara canje-canje. Ana rufe shi da ƙyalle ne sai ranar buɗewa. Ta rubuto cewa ma sha Allah, kamar a sa hannu a ɗebo. Na ji daɗi.

Muka kai shi Mahjar bayan la'asar, ni da Mu'allim, a bayan motar warsha. Gidan a hawa na biyu yake, matakalar ƙunci, muka hau da shi a karkace ina ta yi wa Mu'allim tsawa ya kula da kusurwa. Majalisin, wato falon baƙi, cike yake: 'ya'ya, surukai, jikoki, ga turaren wuta, ga kofunan gahawa. Baba Haruna, mahaifin Khala Maryam, yana zaune kusa da taga cikin farar riga, dogon tsoho mai manyan hannaye. Ya yi shekaru yana ɗinka ɗamarar fata da takalma yana sayar wa alhazai, hannun ya nuna. Na durƙusa na gaishe shi. Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, mai nauyi, ba irin tawa mai faci da Larabci ba.

"Ke ce maginiyar? 'Yar wa?"

Na faɗi sunan babana.

"Allah ya jiƙansa. Ya taɓa sayen takalmi a wurina ya ce ya matse shi, na ce ƙafarsa ce ba ta da tarbiyya."

Aka yi dariya. Aka ɗora mujassam a kan tebur a gabansa, na cire ƙyallen, na kunna 'yan fitilun da na ɓoye a cikin ɗakunan. Yara suka yi caa a kai, kowa ya ɗaga waya. Na saci kallon Khala Maryam don in ga yabo. Ba ta kallon katangar. Idonta yana gabas, kuma ta daina murmushi.

Baba Haruna ya sunkuyo har goshinsa ya taɓa gilashin, ya juya kai yana neman wurin da idon dama zai kama.

"Ƙyalli ya yi yawa. 'Yata, a cire mini murfin nan."

Ba a taɓa mujassam. Wannan ita ce doka ta farko da za ku ji a warsha. Na dubi Mu'allim, ya ɗaga kafaɗa, muka ɗage gilashin. Tsohon ya sa yatsa a kan kogin, ya bi shi a hankali.

"To ga ruwa. Baba ya ce in ka sauka daga kwale-kwale, ƙofar bariki tana hagunka. Ga ta. Ba ka zuwa can, soja zai kore ka. Dama kake yi, ka bi jikin katanga. Wari ne zai fara tarbarka, bagaruwa da toka da kashin tantabara. Ya ce Kumandan barikin in iska ta juyo sai ya toshe hanci da hankici yana zagi da yarensu, su kuma suna yara suna kwaikwayonsa." Yatsan yana tafiya yana magana. "Sai ka wuce ramukan jima, sai giginyu biyu, sai zaure mai..."

Yatsan ya ci karo da bango. Ya shafa shi, ya hau samansa, ya taɓa igwa. Ya koma baya ya sake farawa daga bakin ruwa, ko ya ɓata hanya ne. Ya sake isowa wurin.

"Wannan fa?"

Ni kuma, don ku san irin kaina, sai na gyara murya na fara bayani kamar ina gaban injiniya. Na ce wannan ita ce sabuwar kusurwa, daga nan igwa tana tsare kogin ta ɓangare biyu, ga ɗakin albarushi a bayanta, ga barga.

"Sabuwa," ya ce. "Sun gina ta ke nan?"

"A'a, Baba. Tsarawa suka yi."

"To wa ya gina?"

Ba wanda ya taimake ni. Mu'allim yana duban kafet.

"Ni ce."

Yatsansa yana kan igwar, sai ya yi dariya, ba ta mugunta ba, dariya sosai har da tari.

"Ikon Allah. Kumandan ya yi shekaru yana nema ya tashe mu bai samu ba. Ashe yana da 'ya a Jidda za ta ƙarasa masa."

Wasu suka yi dariya don ya yi. Wata ƙaramar jikarsa, wadda ba ta jin Hausa sosai, ta jawo hannun rigarsa ta tambaye shi da Larabci ina gidan nasu yake. Ya kama yatsanta ya ɗora a kan kusurwar.

"A ƙarƙashin nan, habibti. Ki yi a hankali kada ki tashe su."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, don na iya amsa zagi. Bai yi ba. Ya sa aka kawo mini gahawa da dabino, ya ce a ƙara mini. Ya ce ruwan ya yi kyau ƙwarai, bai taɓa zaton za a iya yin ruwa da hannu ba. Ya sa jikokin suka yi mini godiya ɗaya bayan ɗaya. Na ce zan mayar da shi warsha in gyara, ya ce a'a, wahalar ta isa, a bar shi a nan, yara suna so. Ina shan gahawar ina kallonsa ta gefen ido. Hira ake yi, amma hannunsa bai bar teburin ba. Yana komawa bakin ruwa, ya yi dama, ya bi jikin katanga, ya tsaya.

Khala Maryam ta raka mu matakala. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na nuna miki da yatsana, ya Safiya."

"Kin nuna, Khala."

Ta juya ta koma ciki.

A mota Mu'allim ya yi ta magana, alamar shi ma abin yana cinsa. Ya ce mai aiki ya karɓa, ya yaba, halas, magana ta ƙare. Ya ce mun bi zane, kuma babu wanda zai kama mai mujassam da laifin bin zane. Da na ce zan gyara, sai ya juyo da tambayoyin sana'a, kuma duk gaskiya ne. Da me zan gina unguwar? Bafaranshen da ya auna kaurin kowane bango na barga bai ɓata tawadarsa a kan gidajen majema ba. Da'ira ce kawai da ɗige-ɗige. Babu ƙofa, babu tsayi, babu wanda ya san wacce ce ɗaki wacce ce rumbu. Ko na fasa kusurwar na jera bukkoki, ƙirƙira ce, kuma a ma'aunin da na yi aikin, kowane ɗaki bai fi ƙwallon dabino ba. Mutumin da bai ga igwa ba sai da ya taɓa ta, me zai gani a ƙwallon dabino? Sannan ga babban aiki yana jiranmu, rukunin gidaje na wani kamfani, irin wanda ake ba babbar ma'aikaciya, kuma ni ya yi niyyar ba wa.

"Ki bar shi ya wuce, ya binti. Kowa yana da aikin da ba ya son a tuna masa."

Na yi kwanaki ina yanka tagogin kamfanin ina tunanin maganar ƙwallon dabino. A nan Mu'allim ya fi ni gaskiya: gyaran wancan mujassam ɗin ba zai ba tsohon komai ba. Ya yi ƙanƙanta, ya yi ƙyalli, kuma bariki ne a tsakiyarsa. An yi shi ne don mai ido biyu ya tsaya daga nesa ya ce ma sha Allah. Shi kuwa ba bariki ya aiko a yi masa ba. Inda na saɓa da Mu'allim shi ne batun zane. Zanen yana nan, ba a takarda yake ba. Na ji shi da kunnena yana karanto shi, daga bakin ruwa har zaure, kuma a tsakiyar jimla bangona ya katse shi.

Na kira Khala Maryam na tambaye ta wane lokaci idonsa ya fi gani. Ta ce da hantsi, in rana ta shigo ta tagar majalisi. Ta ce amma in sani, tun daga ranar nan abin ya ƙara ja baya, jiya bai gane ƙanwarta ba sai da ta yi magana. Na ce to ba zan jira in gama na kamfanin ba.

Ga abin da na yanke. Rukunin gidajen na mayar wa Mu'allim, ya raba muku, ku yi ta manna tagogi ku ga ko wasa ne. Bai ji daɗi ba, amma ya ba ni allon katako mai faɗin tabarmar salla daga cikin nasa. Gobe da hantsi zan hau matakalar Mahjar da allon da buhun yumɓu. Gida ɗaya zan yi, babba, kowane ɗaki ya cika tafin hannu, bango ja, ƙasa fara, ƙofofi baƙaƙe, yadda ido mai rauni zai raba su. Babu gilashi, babu fitila. Barikin zai samu gefe ɗaya na allon, bango kawai marar ado, don a san inda ake bi. Zan zauna a ƙasa in ce, Baba, mun wuce giginyu biyu, zaure mai me? Inda ya ɗora yatsa, nan zan sa ƙofa. In ya ce bai tuna ba, zan bar wurin fili, ba zan cike masa da nawa ba.